Ranar da Gwaggo Likita Ta Je Taron Shawara

Gwaggona ba ta taɓa shiga aji ba, amma duk lungunmu Likita ake ce mata. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana shara da goge-goge a ƙaramin asibitin bayan tasha, kuma a ganinta duk wanda ya daɗe haka yana leƙa ƙarƙashin gadon marasa lafiya, to ya fi wasu masu farar riga sanin ciwo. Da ta ajiye aiki ta bar musu tsintsiya da bokiti, amma ta taho gida da ɗabi'ar gwale wa mutane ido. Ka zo gaishe ta, kafin ka gama durƙusawa ta sa yatsa ta ja fatar idonka ƙasa ta leƙa. Ciwon shawara take nema. In ta ga idon fari tas sai ta ce, "To, yanzu gaishe ni." In kuwa ta ga alamar rawaya, ka shiga uku, don ba za ka bar gidan ba sai ka faɗa mata inda kake shan ruwa.

Ni 'yar ƙaninta ce. Ita ta riƙe ni tun ina shekara shida, kuma da aurena ya mutu wurinta na dawo da keken ɗinkina, na kafa shi a ɗakin bakin ƙofa. 'Ya'yanta maza biyu suna can nesa wurin aiki, sai dai waya. Mu biyu ke kwana a gidan, amma daga asuba har magariba ba ka raba tsakar gidan da mutane, saboda rijiya.

Marigayi mijinta ne ya haƙa ta, kusa da bishiyar lemun tsami, kuma ba ta taɓa ƙafewa ba. Akwai famfo a bakin titi, amma sai ya yi wata bai ko yi tari ba. Don haka gida goma sha tara ne ke ɗiba a wurin Gwaggo, ba ta kuma taɓa karɓar komai a hannun kowa ba. Sai dai fa akwai doka. Takalmi ba ya hawa daɓen bakin rijiya. Guga ɗaya ne, nata, a jikin ƙusa yake rataye, ba ya taɓa ƙasa. In ka gama ka mayar da murfi. Duk shekara tana sa a yashe rijiyar, duk mako kuma tana auna maganin ruwa a murfin kwalba ta zuba, yadda ta ga ana yi a asibiti. Wanda ya karya doka zai sha faɗa har kunnensa ya yi zafi, amma da ruwansa zai tafi.

Maman 'Yan Biyu, wadda katangarmu ɗaya da ita, shekara huɗu ba sa ga-maciji da Gwaggo, a kan wata akuya da ta cinye shanya. Duk da haka kullum da safe sai ta shigo da jarkarta. Ba sa gaisawa. In Gwaggo na da magana sai ta juya ta faɗa wa bishiyar lemu: "A gaya wa wasu su mayar da murfi." Ita kuma ta ce wa jarkarta, "A gaya wa wasu ba yau muka fara ɗiban ruwa ba." Ni ina ɗaki ina danne dariya.

Wata ranar Litinin da hantsi mota mai lasifika ta ratsa bakin titi. Ina kan keke, ƙararsa ta cika mini kunne, ban ji komai ba. Sai ga Gwaggo ta faɗo ɗakin, fuskar nan kamar an yi mata albishir da jika.

"Tela! Kin ji? Sun farka!"

"Su wa, Gwaggo?"

"Gwamnati mana! Taron shawara za a yi a kan ruwa, jibi, a ɗakin taron makarantar sakandare. Shekara nawa ina faɗa cewa daga ruwa ciwon nan yake zuwa? Ga shi yanzu har da lasifika. Likitoci za su zo a duba idon kowa."

Na ce, "Kin tabbata haka suka ce?"

"Kunnena ne ya tsufa ko naki? Shawara suka ce, ruwa suka ce. Me ya rage?"

Ranar Laraba ta wanke kwalba da ruwan zafi, ta cika ta da ruwan rijiyarmu don likitoci su auna su yaba. Ta kuma tasa mata uku a gaba, waɗanda ta daɗe tana zargin idanunsu. Ni aka ba riƙon lema.

Tun daga ƙofar makarantar na sha jinin jikina. An rataya ƙyalle babba, an rubuta: taron jin ra'ayi da shawarar jama'a kan daftarin dokar ruwa ta ƙasa. Ba likita ko ɗaya. Manoman lambu ne cike da wurin, da makiyaya, da masunta, da masu tura kurar ruwa, da wasu masu manyan riguna da aka ce su ke da rijiyoyin burtsatse. Na buɗe baki zan yi magana, amma Gwaggo ta riga ta isa teburin rubuta suna. Mai rubutun ya ɗago kai ya ce, "Sannu Mama, daga wace ƙungiya?" Kafin ya rufe baki ta kama fatar idonsa ta ja.

"Kai dai lafiyarka lau," in ji ta. "Ina likitan?"

Bawan Allah ya daskare da biro a hannu. Na ja ta gefe na raɗa mata cewa ba shawarar ciwo ba ce, shawara ce ta ba da ra'ayi, doka za a yi, ana so a ji ta bakin mutane. Matan nan uku suka fashe da dariya har ɗaya ta zauna a kan matakala. Gwaggo ta dubi kwalbar, ta dube ni. Na san kunya ta kama ta, don kunnenta kawai ke motsi. Amma Gwaggo ta amsa kuskure? Tabɗi.

"Yo ai na sani," ta ce. "Gwada ku nake yi. Mu shiga."

Ba ta zauna a baya ba, kujerar gaba ta nufa, dab da fanka, ta ɗora kwalbar a cinya.

Wata lauya ce daga hukumar ruwa ke karanta daftarin, doguwa mai tabarau, ba za ta wuce sa'ata ba. Sashe-sashe take bi, tana fassarawa a hankali, sai a ba mutane dama su yi magana. Manoma suka yi tasu kan madatsar ruwa, makiyaya kan hanyar zuwa mashaya, masunta kan masu zuba dattin masana'anta a kogi. Gwaggo har ta fara gyangyaɗi. Sai Lauya ta zo sashe na goma sha huɗu.

Ta ce rijiyar da gida ɗaya ke amfani da ita ba ta buƙatar izini. Amma duk rijiyar da fiye da gida ɗaya ke ɗiba, doka za ta ɗauke ta a matsayin wurin raba ruwa ga jama'a. Dole mai ita ya nemi lasisi, ya sa injin jan ruwa da tanki, ya kawo takardar injiniya. In bai yi ba cikin shekara guda, hukuma za ta toshe rijiyar da siminti. Ta ce an yi haka ne saboda masu sayar wa mutane gurɓataccen ruwa.

Barci ya watse daga idon Gwaggo. Ta damƙi hannuna har na ji zafi.

"Tela, tawa take nufi?"

"Har da taki, Gwaggo."

"Da siminti?"

"Haka ta ce."

Ban taɓa ganin Gwaggo ta tsorata ba sai ranar. Injin da tanki da injiniya, ina ita ina su? Ni ma gabana ya faɗi, don nan take na tuna tsohon nan na gidan ƙarshe wanda ba ya iya zuwa ko bakin titi, da matan da ke zuwa da goyo. Gwaggo ba ta ɗaga hannu ba kamar yadda aka ce a yi. Miƙewa kawai ta yi ta ɗaga kwalbar sama, har mai gabatarwa ya ga ba makawa ya miƙa mata makirfo. Ta riƙe shi a kife, na juya mata.

"'Yata," ta ce wa Lauya, "tambaya gare ni. Mene ne gida?"

Aka yi dariya. Lauya ba ta yi ba. Ta buɗe shafin farko ta karanta: gida shi ne mutanen da katanga ɗaya ta kewaye su.

"To ni katangata mu biyu ta kewaye, ni da wannan mai surutun. Amma gida goma sha tara ke shan rijiyata. Ban taɓa sayarwa ba. Har wadda ba na magana da ita tana ɗiba. Yanzu in na bi dokarku, sai in rufe ƙofa in sha ni kaɗai, su kuma su tafi kududdufin bayan kasuwa, su dawo mini da idanu rawaya. Kun ce don lafiyar mutane kuka yi. Ni shekara talatin da ɗaya na yi a asibiti."

"Ma'aikaciyar jinya ce ke, Mama?"

"Shara nake yi. Amma ni ke wanke abin da ruwan banza ke jawowa, na fi kowa sanin warinsa." Ta taka har gaban tebur ta dire kwalbar. "Ga ruwana. Ku auna. In kun samu cuta a ciki, ni da hannuna zan kwaɓa simintin. Ku riƙa zuwa kuna aunawa ma, na fi son haka. Amma ku raba mai sayarwa da mai bayarwa, kada ku haɗa mu a layi ɗaya."

Kai, ɗakin nan ya ɗauki tafi! Wani dattijo ya tashi ya ce haka abin yake a unguwarsu, rijiyar gidan wansa ce ke riƙe da su. Wata mata ta ce su ma. Kafin a ankara mutum fiye da ashirin sun miƙe. Wani daga cikin masu burtsatse ya ce in aka bar wannan ƙofa kowane mai sayarwa zai ce kyauta yake yi, Gwaggo ta ce masa, "To a tambayi maƙwabtansa mana, su ai ba sa ɓoye laifin mutum." Lauya tana ta rubutu har ta juya shafi. A ƙarshe ta faɗi gaskiya, ta ce ba ta yi alkawarin komai ba. Za a haɗa ra'ayoyin duk garuruwa a kai wa kwamiti, daga nan sai majalisa, abin zai ɗauki watanni. Amma maganar Mama an rubuta ta, kuma kwalbar za ta tafi da ita.

A hanyar gida ina ta murna, ina ce mata yau ta fitar da mu kunya. Ita kuwa ko murmushi.

"An rubuta, an rubuta," ta ce. "Kin san yawan takardun da na share daga ƙarƙashin tebur a rayuwata? Duk an rubuta su."

Kwana biyu ba ta gwale idon kowa ba, abin da ya tayar mini da hankali ke nan. Tana zaune a bakin rijiya tana kallon katanga. A rana ta uku ta ce in kira mata Magini, wanda ke gida na huɗu.

"Magini, me yarinyar nan ta ce gida yake nufi?"

"Ni ban je ba, Gwaggo."

"Katanga ɗaya. To in aka fasa ƙofa a nan, tsakanina da maƙwabta, katanga nawa ta kewaye mu?"

Magini ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "In an bi ta waje, ai ɗaya ce." Ta ce, "In su ma suka fasa zuwa na gaba fa?" Ya dube ta, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Haba Gwaggo, gwamnati za ki yi wa wayo da guduma?" Ta ce ita ba wayo take yi ba, dokarsu take bi, su suka faɗa da bakinsu.

Matsalar ita ce katangar farko ta Maman 'Yan Biyu ce. Washegari da ta shigo da jarka, Gwaggo ta juya ga bishiyar lemu ta yi gyaran murya, ta ce, "A gaya wa wasu..." Sai ta katse maganar. Ta juyo gaba ɗaya ta dubi matar ido da ido, karo na farko cikin shekara huɗu.

"Maman 'Yan Biyu, za su toshe mana rijiya."

Matar ta ajiye jarkar. Ta saurari bayanin har ƙarshe. Ta ce, "Akuyar nan fa ba tawa ba ce, ta ƙanwar mijina ce."

"Na sani tun shekarar."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ke me ya sa ba ki faɗa ba?"

Kafin azahar Magini ya fasa ƙofar farko. Ba kowa ya yarda nan take ba. Wasu mazan suka ce ba za a mayar musu da gida titi ba, har sai da na yi alkawarin ɗinka wa kowace ƙofa labule mai kauri, aka kuma sa doka cewa sai an yi sallama. Wani ya ce sai mai gidan hayarsu ya amince, Gwaggo ta je da kanta ta zauna masa a shago har ya gaji ya ce a fasa. Lungun namu ba ya ɓullewa, gidajen sun zagaye kamar ƙugiya, don haka Magini ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Cikin wata biyar ya fasa ƙofa goma sha tara. Duk ragowar yadin da na tara shekara da shekaru ya ƙare a labule, babu biyu masu kala ɗaya.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya shirya masa. Kaji suka rikice, kowace tana ƙwai inda ta ga dama, kullum sai an yi shari'a. Gishiri da wuta da tsegumi suka daina bi ta waje. Amaryar gida na tara da ba ta san kowa ba ta samu iyaye har sun yi mata yawa. Tsohon gidan ƙarshe ya faɗi a banɗaki wata safiya, aka ji shi daga gida uku, aka ɗauke shi kafin rana ta yi zafi. Gwaggo kuwa ta samu abin da take so, don yanzu tana fara zagaye daga gidanmu ta bi ƙofa-ƙofa tana duba idanu, ba mai wurin ɓuya. Amma duk da haka, in mota ta tsaya a bakin titi sai na ga ta kalli rijiyar, ba ta ɗauke ido har motar ta wuce.

A wata na goma sha ɗaya bayan taron, ranar wata Asabar da safe, mota ta tsaya ba ta wuce ba. Lauya ce, da jaka a hannu, da wani ma'aikaci ɗauke da akwatin awon ruwa. Gwaggo na riƙe da igiyar guga. Ba ta saki ba.

"Mama, kin gane ni?"

"Na gane ki. Ina simintin?"

"Babu siminti." Lauya ta zaro takarda. "Majalisa ta amince da dokar, amma an gyara sashe na goma sha huɗu. Ba ke kaɗai ba ce, a garuruwa da yawa an yi irin maganarki, sai dai ba wanda ya kawo kwalba sai ke. Ruwanki kuma an auna, lafiya lau yake. Bari in karanta miki."

Ta karanta. Rijiyar maƙwabta, wato wadda mai ita ke ba mutane ruwa ba tare da sayarwa ba, ba ta buƙatar lasisi ko injin, ko gida nawa ne ke ɗiba. Za a yi mata rajista kawai, hukuma kuma za ta riƙa zuwa tana auna ruwan sau biyu a shekara.

Gwaggo ta ce, "Sake karantawa." Ta sake. Ta ce, "Tela, karɓi ki duba, haka aka rubuta?" Na karɓa, na bi layin da yatsa. Na ce haka ne, Gwaggo, ga shi nan baƙi da fari. Sai ta saki igiyar. Gugan da bai taɓa taɓa ƙasa ba ya faɗi a kan daɓe, ita kuma ta zauna a gefensa ta sa kuka kamar ƙaramar yarinya. Ni ma na kama. Farin ciki ne zalla, wallahi.

Maman 'Yan Biyu ta ji kukan ta ɗaga labule ta leƙo, ta ji labari, ta juya ta ƙwala kira. Ta gaba ta ɗauki kiran ta miƙa. Cikin ɗan lokaci mutane suka fara ɓullowa ta ƙofar katanga, mata da maza da yara, har da tsohon gidan ƙarshe an riƙo shi. Lauya ta tsaya baki buɗe tana kallon inda suke fitowa. Ta je ta leƙa, ta ga ƙofa bayan ƙofa, labule bayan labule. Da Magini ya yi mata bayani sai ta cire tabarau ta yi dariya har hawaye.

"Mama," ta ce, "ko da ba a gyara dokar ba, wannan dabarar ba za ta yi aiki ba fa."

"Wa ya gaya miki?" in ji Gwaggo tana share ido da bakin zane. "Ba ku gwada ni ba ne."

Magini ya ce tunda an samu lafiya, yana da bulo, gobe sai ya fara toshewa. Ai kuwa aka yi masa caa. Maman 'Yan Biyu ta tsaya a tsakiyar ƙofarta ta riƙe ƙugu ta ce, "Taɓa ka gani." Har mazan da suka ƙi da farko suka ce a bar maganar tukuna.

Lauya ta zauna a kan kujerar da na kawo mata, ta ɗora fom ɗin rajista a kan jakarta. Ta tambayi sunan mai rijiya, da zurfinta, da shekarar da aka haƙa. Gwaggo ta amsa duk. Sai ta zo layin ƙarshe.

"Gida nawa ne ke ɗiba? Ki faɗi gaskiya, Mama, yanzu ba abin tsoro. Ko ɗari ne ba komai."

Gwaggo ta dubi tsakar gidan. Babu masaka tsinke. Wata ta ɗauki gugan tana wanke shi da sabulu ba tare da an sa ta ba, amaryar gida na tara tana goye da ɗan wata, tsohon nan kuma an ba shi tabarmar sallar Gwaggo ya zauna.

"Ɗaya ne," ta ce.

"Mama, na ce miki ba sai kin..."

"Na ji ki, 'yata. Ba wayo nake yi ba yanzu. Rubuta ɗaya."